Taliyar Japan da Maiƙon Rigar Baba

Kafin ku fara yanke min hukunci a ƙasan shafin nan, ku bari in kai aya. Na san halinku. Wata tana can ta gyara zama, yatsa a kan waya, tana jiran in yi tuntuɓe ta ce ai dama ta faɗa. To kwantar da hankalinki 'yar uwa, tuntuɓen na riga na yi shi, na kuma faɗi, sai dai ba ni ce na fi jin ciwo ba.

Ga wadda yau ta fara leƙowa: mu uku ne a wajen iyayenmu, duk mata. Yaya ce babba, ma'aikaciyar jinya, tana gidan mijinta can ƙarshen gari. Sai ni, da nake wuni a shagon gilashin ido ina goge madubi ina ce wa mutane wannan ya yi wa fuskarsu kyau. Sai Auta. Gidanmu a saman bene yake, ɗakuna biyu da falo, da wani ɗan kicin da idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya nemi gafara kafin ya juya.

Baba tsohon direban manyan motoci ne. Rabin rayuwarsa a kan titi ya yi ta, abincinsa na bakin hanya, soyayye ko gasasshe, gishiri zau, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Da ya ajiye sitiyari sai jiki ya fara ramuwar gayya. Ga hawan jini, ga suga, ga tumbin da ya hana shi ganin takalminsa. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce ko a rage nauyi da maiƙo da gishiri, ko zuciyar nan ta kashe inji ba tare da sallama ba.

Yaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya a falo, ta ce, “Umma ba za ta iya ba. Da Baba ya marairaice mata ta narke. Ke za ki riƙe abincinsa.”

Haka aka ɗora min. Ni kuwa na ɗauka da zuciya ɗaya, Allah ne shaida. Na yi ta bin bidiyon girki a waya har na faɗa kan wata taliya irin ta mutanen Japan, fara tas kamar zaren roba, da garin wata saiwa ake yin ta, kusan babu kalori a cikinta. A zuba ta a romo mai haske da ganye da ƙwai, mutum ya cika cikinsa bai ɗora wa jikinsa kaya ba. Na same ta a wani shagon kayan abincin ƙasashen waje kusa da wajen aikina.

Ranar da na fara ajiye wa Baba kwanon, ya daɗe yana leƙa ciki.

“Kwandasta,” ya ce. Haka yake kirana tun ina ƙarama, don ni ce mai maƙale masa a gaban mota. “Wannan tsutsa ce aka yi wa wanka?”

“Taliyar Japan ce, Baba.”

“Su Japan ɗin da suka ƙera motocin da na tuƙa? Ƙarya ake musu. Mai cin wannan ko noti ba zai iya ɗaurewa ba.”

“Ka ɗanɗana mana. Har da naman kaza a ciki.”

Fuskarsa ta washe. Ya sa cokali ya yi ta haƙilo, ya ɗago wani baƙi-baƙi mai hula, ya juya shi gaba da baya. “Wannan ai laimar kwaɗi ce!”

“Ai sunansa ke nan, Baba, naman kaza.”

“To wanda ya raɗa masa sunan nan mayaudari ne, kuma ban yafe ba.”

Umma ta yi dariya har da share ƙwalla da gefen mayafi. Amma ya ci. Yana mita yana ci. Kuma abin da nake so ku riƙe shi ne, abincin ya yi aiki. Ba a jima ba bel ɗinsa ya matsa huda, ya fara hawo benen nan ba tare da ya tsaya a tsakiya yana huci ba. Yaya ta auna shi ta rungume ni. Ni da hannuna na gyara, ni da hannuna na ɓata.

Shi kuma wanda ake rigimar a kansa, wato mai neman aurena, malamin koyar da tuƙi ne. A wajensa na koyi mota, shi ya sa har gobe Malam nake ce masa, shi kuma ya ce min Ɗaliba. Dogo ne siriri mai sanyin magana, irin mutanen da ko ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Motarsa ƙarama ce fara mai allo a ka, birkinta biyu, ɗaya a gefen ɗalibi ɗaya a gefensa. Birkin nan na biyu shi ya ja masa a wajen Baba.

“Direban da sana'arsa taka birki!” in ji Baba. “Bai taɓa ganin fitowar rana a kan titi ba, bai taɓa canza taya cikin ruwan sama ba. Kullum zagayen unguwa kamar wanda akuyarsa ta ɓata.”

Daga nan ya raɗa masa suna Birki. Ba wai ya ce a'a ba ne. Da ya ce a'a ma da na san inda na dosa. “Mu gani,” kawai yake cewa, ya ƙara muryar talabijin. Mu gani ɗin nan ta ci watanni.

Ga Goggo, ƙanwar Baba, da saƙon muryarta da ba ya ƙarewa: “Ke fa kin tare hanya, 'yar nan. Auta na bayanki tana danna hon.” Gaskiyarta ne, don Auta tana da nata manemin a shirye, Baba kuwa ya ce a gidansa ba a obatekin, ƙarama ba ta riga babba aure. Auta ba ta taɓa ce min uffan ba, sai dai idan wayarta ta yi ƙara ta fita baranda ta rufo ƙofa, ta dawo ido ja. Umma kuma da dare ya yi sai ta zauna bakin gadona tana naɗe kayan da na riga na naɗe, ta ce, “Shi yaron nan ba shi da wata dabara ne? Babanku fa ba dutse ba ne.”

Wata yamma ina tsaye gaban famfo ina ɗauraye taliyar, saƙon Malam ya shigo.

“Ɗaliba, ki taimaki malaminki. Me Baba ya fi so a duniya?”

Na goge hannu a zanina. Na rubuta masa cewa labarin tafiye-tafiyensa. Na kalla, na goge. Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, jama'a, da muryarka yake zuwa, ya ce maka sau ɗaya ne kawai.

Na rubuta: “Gasasshen nama mai kitse, da soyayyen dankali, da lemo mai sanyi.”

“Ba kin ce an sa masa ƙa'idar abinci ba?”

Malam bai san maganar zuciyar ba. Baba ba ya son a ji a waje cewa yana da ciwo, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba. Nan ne ya kamata in faɗa. Maimakon haka na rubuta: “Rigimar Yaya ce kawai, ka san mutanen asibiti. Ɗan tumbin ne suke so ya rage.” Har da hoton fuskar dariya na sa a ƙarshe. Fuskar nan tana nan a wayata, idan na buɗe sai in ji kamar ni take yi wa.

Dama likita ya ce Baba ya riƙa tattaki da yamma. Sai Malam ya zo cikin ladabi ya ce shi zai riƙa kai shi lambun shaƙatawa yana dawo da shi. Baba ya taɓe baki ya bi shi. Ranar ya dawo yana fito. Fito fa, Baba! Ya zauna ya kalli kwanon da na ajiye masa, ya shafa ciki ya ce iskar lambu ta ƙosar da shi. Da ya wuce ta gabana na ji ƙamshin hayaƙi da yaji a jikinsa, na kuma ga ɗigon maiƙo a gaban farar rigarsa, daidai maɓalli na biyu.

Na lallaɓa na ɗauke rigar daga bayan ƙofa, na shiga banɗaki na murje wajen da sabulun wanke-wanke, na shanya ta a can ƙarshen igiya.

Sau ɗayan ya zama kullum. Kwanona ya riƙa dawowa kicin da taliyarsa, in juye a roba in tafi da shi wajen aiki washegari, don kada Umma ta gani a shara. Abokiyar aikina har cewa ta yi na rame na yi kyau. Ni ina cin maganin Baba, Baba yana cin gubarsa. Amma kuma ku ji abin da nake ji a falo:

“Yaron nan Birki yana da hankali. Ka ba shi labari ya saurara har ƙarshe, ba irin yaran yanzu ba.”

Umma ta kalle ni ta ƙasan ido tana murmushi. Ni kuwa sai in ce a raina, bari dai ya furta, da ya furta zan tsayar da komai. Ina ganin bel ɗin ya koma tsohuwar hudarsa. Ina jin hucinsa a matakala. Na toshe kunnena.

Ranar da abin ya faru da safe ne. Ina ɗaura ɗankwali na ji Auta ta ƙwalla ihu. Baba ne zaune dirshan a kan matakala, ya jingina da bango, hannu dafe da ƙirji, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa, leɓensa ya canza launi. Takalminsa ɗaya ya gangara har ƙasa. Ban san ya aka yi muka isa asibiti ba. Na dai tuna ina riƙe da takalmin nan a cinyata har muka shiga.

Allah ya taƙaita. Likita ya ce gargaɗi ne zuciyar ta yi, na gaba ba lallai ta yi gargaɗi ba. Sai ya juyo ya tambaye mu, “Me yake ci a 'yan kwanakin nan? Abin da nake gani a jininsa ba na mai kiyayewa ba ne.”

Na buɗe baki. Yaya ta riga ni, amma ba ni ta kalla ba.

“Umma,” ta ce, “don Allah me kike ba shi a ɓoye?”

“Ni?”

“To wa? Ita wannan kullum tana kan ƙafarta tana auna komai da cokali. Ke ce ba kya iya ce masa a'a. So kike ki kashe mana shi da tausayi?”

A gaban likita, a gaban ma'aikatan jinya 'yan uwanta. Umma ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Ku rubuta wannan a ƙasa idan za ku zage ni, don shi ne ya fi komai muni: ina tsaye kusa da ita har kafaɗarmu na gogar juna, na yi shiru.

Malam kuwa na ce masa zazzaɓi ne ya kwantar da Baba, likita ya hana ziyara. Ƙarya idan ta haihu tagwaye take yi.

Yau aka sallamo Baba. Yaya ta ɗauki hutu ta dawo gidan da jakarta, ta kwashe man girki da gishiri da sukari ta kulle a kabad, ta sa makullin a aljihun rigarta. Ta ce daga yau Umma ba ita ba kicin. Matar da ta yi shekara da shekaru tana girki a ɗan wurin nan, ita ce yau ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa, hannuwanta biyu a cinya ba su san abin yi ba.

“Yi a gabana in gani,” in ji Yaya. “Ina so in koya, in riƙa yi wa mijina.”

Na sa tsohuwar doguwar rigata mai ruwan toka, na naɗe hannuwa. Na yanka ledar taliyar na tsiyaye ruwan da take zuwa a ciki. Yaya ta toshe hanci.

“Wannan ƙarnin fa?”

“Haka take. Sai an wanke ta sosai.” Na juye a matsami na sakar mata famfo ina cuɗawa da yatsu har ƙarnin ya tafi. Na tsoma ta a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, na tsame, sannan na zuba a busasshen kasko, babu mai ko ɗigo, ina juyawa har ta fara ƙara ƙiii-ƙiii a jikin ƙarfen. “Idan ba a busar da ita haka ba, ba ta shan romo.”

“Kin ga mai hankali,” in ji Yaya. Ta faɗa da ƙarfi don Umma ta ji.

Romon tun safe na jiƙa busasshen ganyen teku da busasshen naman kaza a ruwa. Na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, kafin ya tafasa na cire ganyen don kada ya yi ɗaci, na jefa yankakkiyar citta da tafarnuwa. Na kawo ƙirjin kaza, na gaske wannan karon, wanda na cire wa fata, na yanka siri-siri na sa ya dahu a ciki. Sai baƙin ruwan waken soya mai ƙarancin gishiri, ƙaramin cokali, Yaya na tsaye a kaina tana kallon hannuna kamar ɗan sanda. Karas da kabeji, alayyahu a ƙarshe don kada ya mutu. Kicin ɗin ya ɗauki ƙamshin citta, tururi ya rufe gilashin taga.

“Ki matsa lemon tsami kaɗan,” Umma ta ce a hankali daga bakin ƙofa. “Yana rufe rashin gishiri.”

“Umma, don Allah,” in ji Yaya ba tare da ta waiga ba.

Na ɗauki lemon tsamin na matsa har 'ya'yansa suka faɗa ciki, na tsaya tsincewa.

Nan wayata ta yi motsi a kan firji. Na leƙa.

“Ɗaliba, Auta ta sa hoto na ga Baba ya warware. Alhamdulillahi. Na sallami ɗalibin ƙarshe, ga ni nan zuwa gaishe shi. Na riƙo masa abin nan namu, zazzaɓi na son a bi shi da maiƙo.”

Na rubuta, “Kar ka zo.” Na sake rubutawa, “Don Allah kar ka zo da komai.” Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Malam ba ya taɓa waya idan yana tuƙi, a akwatin gaban mota yake kulle ta. Abin da ya fara koya min ke nan, kuma yana cikin abin da ya sa na so shi.

“Wa kike kira da girki a wuta?” in ji Yaya.

“Wajen aiki ne.”

Na zuba taliyar a farin kwano mai zurfi, na kwarara romon a kai, na jera kazar a gefe, ganyen a gefe, dafaffen ƙwai da na raba biyu, na barbaɗa lawashi da ɗan riɗi. Ya yi kyau kamar a hoto. Na ɗora a faranti na nufi ɗakin Baba.

Yana kishingiɗe da filo biyu a bayansa, ya faɗa, filastar ƙarin ruwa na nan a bayan hannunsa. Ya ce in turo ƙofa. Na turo.

“Kwandasta.” Ya yi ƙasa da murya. “Na san ke kike wanke min rigunan nan.”

Farantin ya kusa suɓuce min.

“Ni na ci da bakina, ba wanda ya ɗura min. Yaron nan ba shi da laifi, ke ma haka. Idan Yayarki ta ji, ba zai ƙara taka gidan nan ba, kin san halinta. Ki rufa min asiri in rufa miki. Ki ce masa na amince, ya turo manyansa.”

Kalmar da na yi watanni ina jira. Na sha kwanciya ina ƙissima yadda zan yi tsalle ranar da zan ji ta. Ga ta ta zo, sai na ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji.

“Umma fa, Baba?”

Ya kawar da kai wajen taga. “Uwarku mai haƙuri ce. Zai wuce.”

Ya ja kwanon ya fara ci, ba mita, ba tsokana. Wannan shirun nasa ya fi min mitar ciwo.

Da na fito na tarar da Umma a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna, tana jirana. Ta kama hannuna ta ja ni jikin bango.

“Ki saki fuskarki, Yayarki za ta gane.”

“Umma...”

“Ni na haife ki. Kina zaton ban san wanda ke shanya riga ɗaya tilo a ƙarshen igiya ba? Tun rana ta farko na ji ƙamshin a jikinsa.” Idonta ya cika. “Ni ma na yi shiru, don na ga ya fara sakin fuska da yaron. Kin ga ba ƙarya Yayarki ta yi ba gaba ɗaya. Yanzu zan je in ce mata ni ce, in ba ta haƙuri, a rufe maganar. Ni na riga na tsufa a ɗakina, ba abin da zai same ni. Ke ce za ki rasa.”

Ta sake ni ta nufi falo. Ina jin ta ta fara, “Ke babba, zo ki ji. Maganar da kika yi a asibiti...”

Sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Yaya ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ban san lokacin da na tsinci kaina tsakaninta da ƙofar ba, bayana manne da katako.

“Yaya, tsaya. Ba Umma ba ce.”

“Me?”

“Ba Umma ba ce take ba shi. Ni ce.” Muryata ta fito kamar ta wata. “Malam ne yake saya masa idan sun fita, amma ni na ce ya saya. Na ce masa Baba ba shi da wani ciwo. Abincin da nake dafawa ni nake cinye shi a wajen aiki. Umma ko gishiri ba ta taɓa ƙara masa ba.”

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Auta ta leƙo daga baranda, waya a hannu. Yaya ta tsaya tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Na yi zaton mari ne zai biyo, na ma fi son marin. Sai ta juya a hankali ta kalli Umma, ta sa hannu a aljihu ta ciro makullin kabad, ta durƙusa a gabanta har ƙasa. Ta ɗora makullin a tafin Umma ta kifa kanta a kai.

Ni na buɗe ƙofar.

Yana tsaye cikin shuɗiyar rigarsa mai gajeren hannu da aka goge har tana ƙyalli, yana murmushi, baƙar leda a hannunsa, maiƙo ya fara ɓullowa ta jikin takardar da ke ciki. Ƙamshin ya riga shi shigowa falon.

“Ɗaliba, lafiya? Kuka kika yi?”

Na fita na jawo ƙofar, muka tsaya a kan matakala, daidai inda Baba ya zauna rannan. Na faɗa masa komai. Zuciyar, asibitin, abin da likita ya ce, da abin da aka yi wa Umma a gaban mutane. Bai katse ni ba, dama shi mai sauraro ne har ƙarshe. Ina magana murmushin na zagwanyewa daga fuskarsa. Ya kalli ledar hannunsa, ya riƙe ta nesa da jikinsa.

“Ni nake buɗe masa lemon,” ya ce. “Idan ya ce ya ƙoshi, ni nake cewa Baba ƙara ko yanka ɗaya.”

“Ba laifinka ba ne.”

“Na tambaye ki fa. Da bakina na tambaye ki.”

“Tsoro na ji kada in rasa ka.”

“Sai kika gwammace ki rasa shi? Da hannuna?”

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Na ce masa Baba ya amince, ya ce a turo. Ban san me ya sa na faɗa ba, wataƙila na zaci zai zama magani. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba ko ranar da na kusa hawa da motarsa kan shingen mutane.

“Ba ni ya amince da shi ba,” ya ce. “Da ledar nan ya amince.”

Ya juya ya sauka. Ina jin takunsa har ƙasa, na ji ƙarar murfin kwandon shara, na ji tashin motarsa, a hankali kamar kullum, har da sigina ko da yake babu kowa a layin.

Na zauna a matakalar ban san iya lokacin ba. Rana ta yi sanyi, yaran maƙwabta suka hawo da ƙwallonsu suka raɓa ni suka wuce. A cikin gida ina jiyo muryar Yaya sama-sama a ɗakin Baba, da tasa ƙasa-ƙasa, sai kuma motsin tukunya a kicin, wanda na san hannun Umma ne. Wayar na hannuna. A ƙasan sunan Malam aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Na yi duk addu'ar da na iya.

Sai ga shi ya shigo.

“Ki turo min lambar Yayarki. Daga yau duk abin da ya shafi Baba, ita zan tambaya.”

Shi ke nan. Babu Ɗaliba a farko, babu komai a kanmu a ƙarshe. Na karanta ya fi a ƙirga, ina neman wata 'yar kafa tsakanin kalmomin da zan laɓe, ban samu ba. Na rubuta, “Ni fa?” Na daɗe ina kallonsa. Na goge. Na tura masa lambar.

Ban kai ga sauke hannuna ba na ji wayar Yaya ta fara ƙara a cikin falo.